Daƙiƙa takwas, satar gida da VAR: dalilin da musun dokokin ƙwallo ya ƙi ƙarewa

A ranar 17 ga Yunin 2025, a gasar Kofin Duniya ta ƙungiyoyi da aka yi a Amurka, mai tsaron ragar Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu, Ronwen Williams, ya cafke ƙwallo ya rungume ta yana duban inda zai jefa. Ba wanda ya yi ƙeta, ƙwallo kuma ba ta fita ba. Sai alƙalin wasa ya busa usur, ya nuna kusurwa, ya ba Ulsan ta Koriya ta Kudu bugun kwana. Laifin Williams shi ne ya haura daƙiƙa takwas da ƙwallo a hannu, kuma shi ne na farko da sabuwar dokar ta hau kansa a gasar. Da aka buɗe kakar Firimiya a watan Agusta, irin wannan hukunci ya faɗa kan Martin Dubravka na Burnley a wasansu da Tottenham.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya san abin da ke biyo bayan irin wannan busa. Benci ya rabu biyu. Wani ya miƙe yana tambayar yaushe aka yi wannan doka, wani daga baya ya rantse cewa rafali ya ci kuɗi, mai gidan kallo yana roƙon a zauna don na baya su gani. Wasa ya ci gaba a talabijin, amma musu ba ya mutuwa sai an kai shi teburin mai shayi.

Ba jahilci ne ke haifar da tambayoyin ba. Dokokin suna sauyawa kusan kowace shekara, alhali yawancin masu kallo ba daga littafi suka koye su ba, daga kallo da bugawa suka koya, wasu tun shekara ashirin ko talatin da suka wuce. Akwai kuma wani ruɗani da ya fi wannan zurfi: ana cakuɗa hukunci iri biyu da ba su da alaƙa, ana jiran na'ura ta warware su duka.

Masu riƙe da littafin

Mutane da yawa sun ɗauka FIFA ce ke yi wa ƙwallo doka. Ba ita kaɗai ba ce. Akwai majalisar da ake kira IFAB, wadda aka kafa a 1886, shekara 18 kafin a haifi FIFA. Hukumomin ƙwallon Ingila, Sikotlan, Wales da Ailan ta Arewa kowace na da ƙuri'a ɗaya. FIFA ta shiga majalisar a 1913, kuma a tsarin yanzu tana da ƙuri'a huɗu a madadin sauran ƙasashe. Ba a taɓa doka sai da ƙuri'a shida cikin takwas, wato FIFA ba ta iya gaban kanta, su ma huɗun ba sa iyawa sai ta yarda. Majalisar kan zauna a Fabrairu ko Maris, abin da ta zartar ya fara aiki ranar 1 ga Yuli. Dokar daƙiƙa takwas a zaman Belfast na 1 ga Maris 2025 aka amince da ita, gasar Amurka kuwa ta riga lokaci ne ta fara aiki da ita.

Dokokin guda 17 ne, kuma littafi ɗaya ne ke mulkin wasan ƙarshe na Kofin Duniya da wasan gasar unguwa.

Sauƙin da ya jawo farin jini

In aka tambayi masoya ƙwallo me ya sa ta fi kowane wasa jama'a, amsar da aka fi ji ita ce sauƙi. FIFA na da mambobi 211, Majalisar Ɗinkin Duniya na da 193. Wasan bai buƙatar kayan aiki. Yara a lungu kan ajiye duwatsu biyu ko silifas biyu su zama raga, in babu ƙwallo a ƙulla tsumma da leda. Su kan yi nasu dokokin: ba satar gida, kwana uku fenareti, in mota ko tsoho zai wuce a tsaya, mai ƙwallo kuma ba ya zaman benci. Duk da haka wasan da suke yi shi ne wanda ake yi a Wembley, domin ginshiƙin bai sauya ba: kada ka taɓa da hannu, kada ka doki mutum, ka jefa a raga.

Wannan sauƙi ya sa kowane ɗan kallo ke jin shi ma alƙali ne, kuma yana da hujjar jin haka, tunda ya buga wasan da ƙafarsa.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin ƙwallaye. A Kofin Duniya na 2022 a Katar an ci ƙwallo 172 a wasa 64, bai kai uku ba a kowane wasa. Inda cin ya yi ƙaranci haka, ƙaramin zai iya kayar da babba: Kamaru ta doke Ajantina a 1990, Senegal ta doke Faransa a 2002, Leicester ta ɗauki Firimiya a 2016. Shi ne daɗin wasan. Shi ne kuma ya sa busa ɗaya ke da nauyin da ba ta da shi a ƙwallon kwando, inda kowane ɓangare kan tara maki kusan ɗari. A tamaula, fenareti ɗaya na iya zama ƙarshen labari. Abin da ya sa ake son wasan shi ne abin da ya sa ake tayar da jijiyar wuya a kan alƙalanci.

Hukunci iri biyu

Akwai hukuncin awo, akwai hukuncin fahimta. Na awo tambaya ce mai amsa ɗaya: ƙwallo ta haye layi gaba ɗayanta ko da saura? Ɗan wasa ya zarce mai tsaron baya ko bai zarce ba? An yi ƙetar a cikin yadi na 18 ko a waje? Waɗannan na'ura na iya amsa su fiye da idon mutum. Bayan ƙwallon Frank Lampard da ta haye layi a wasan Ingila da Jamus na 2010 aka ƙi karɓa, IFAB ta amince da na'urar layin raga a 2012, kuma tun daga lokacin wannan musu ya kusa mutuwa a manyan gasanni. A wasan Japan da Sifaniya na 2022, hotunan farko sun nuna kamar ƙwallo ta fita kafin Kaoru Mitoma ya dawo da ita, amma gefenta na rataye a saman layi, doka kuma ta ce sai ta fita ɗungurungum. Aka bar cin.

Na fahimta kuwa tambaya ce da ke buƙatar mutum ya auna: turewar nan ta isa kayar da mutum? Hannun nan a inda ya kamata yake? Wannan ƙeta sakaci ce, ko ganganci, ko mugunta? Ko an maimaita hoton sau ɗari, alƙalai biyu ƙwararru na iya saɓawa, kowa da hujjarsa daga cikin littafi. Galibin rigimar gidan kallo a nan take, ana neman amsar awo ga tambayar da ba ta awo ba ce.

Satar gida

Ba dokar da ta kai wannan shan musu, kuma ba wadda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ɗan wasa na a matsayin satar gida idan yana cikin rabin filin abokan hamayya, kuma wani sashe na kansa ko jikinsa ko ƙafarsa ya fi kusa da layin ragarsu fiye da ƙwallo da kuma mutum na biyu daga ƙarshe a cikinsu. Hannu ba ya cikin lissafi, nasa ko na masu tsaro, iyakar hannun kuma daga ƙasan hammata ake farawa. Lokacin da ake dubawa shi ne sa'ar da abokinsa ya taɓa ƙwallon don ba shi, ba sa'ar da ta iso gare shi ba.

A lura da "mutum na biyu daga ƙarshe". An saba cewa "mai tsaron baya na ƙarshe" ne saboda yawanci gola na tsaye a raga, shi ne na farko. In gola ya fito, lissafi ya sauya. A wasan buɗe Kofin Duniya na 2010, Carlos Vela na Meziko ya jefa ƙwallo a ragar Afirka ta Kudu akwai ɗan baya tsaye a kan layi, amma aka ɗaga tuta. Gola Itumeleng Khune ya riga ya fito ya bar Vela a bayansa, saboda haka mutum ɗaya ne kawai tsakanin Vela da layi. Hukuncin daidai ne, ko da yake 'yan kallo da dama sun ɗauka an yi zalunci.

Tsayawa a wurin ba laifi ba ne. Sai mutum ya taɓa ƙwallon, ko ya tare wa gola gani, ko ya hana abokin hamayya kai wa gare ta, ko ya amfana da wadda ta daki turke ta dawo. Babu kuma satar gida daga jifa, ko bugun kwana, ko bugun gola daga raga. A nan ma an ga yadda iri biyun suka haɗu a doka ɗaya: inda mutum yake tsaye awo ne, amma ko ya shiga wasa fahimta ce.

Dokar ta girmi duk wanda ke raye. A dokokin farko na 1863 duk wanda ke gaban ƙwallo ya yi laifi. A 1866 aka ce in akwai mutum uku tsakaninka da raga ka tsira. Masu tsaron baya suka ƙware wajen haɗa tarko har cin ya yi ƙaranci, sai aka rage zuwa biyu a 1925. Sakamakon ya bayyana nan take: a babbar gasar Ingila an ci ƙwallo 1,192 a kakar 1924-25, aka ci 1,703 a kakar da ta biyo. A 1990 aka ƙara sassauci, aka ce wanda ke daidai kafaɗa da mai tsaro bai yi laifi ba. 'Yan Najeriya na da dalilin tuna wannan tarko. A wasan ƙarshe na Olamfik ɗin 1996, bayan Celestine Babayaro da Daniel Amokachi, dukansu haihuwar Kaduna, sun farke wa Najeriya sau biyu, 'yan bayan Ajantina sun ruga gaba lokacin bugun tazara don su bar 'yan Najeriya a satar gida. Ba su fita a tare ba. Emmanuel Amunike ya samu kansa shi kaɗai ya ci ta uku, alƙalin wasa Pierluigi Collina ya nuna tsakiya.

Duk sauye-sauyen nan an yi su ne don a ba mai kai hari fili. Na'ura ta juya akalar ba tare da an sauya kalma ɗaya ba. A da, in mai tuta ya yi shakka, sau da yawa yakan bar tuta a ƙasa, kuma "daidai kafaɗa" na nufin abin da ido ke gani. A Katar an kafa kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin fili suna bin gaɓoɓi 29 na jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa, ga wata na'ura cikin ƙwallon tana aika bayani sau 500 a daƙiƙa. Da irin wannan awo, daidai kafaɗa ya kusa ɓacewa, dole wani ya fi wani ko da da yatsan ƙafa. An soke wa Ajantina ƙwallo uku kafin hutun rabin lokaci a wasanta da Saudiyya, ta kuma sha kashi da ci 2-1. Firimiya ta fara amfani da irin wannan tsari a Afrilun 2025.

Masu goyon baya sun ce layi layi ne, in aka yi rangwamen santimita biyar za a dawo ana musu a kan ta shida. Masu suka sun ce an kafa dokar ne don hana mutum ya je ya tare a bakin raga yana jiran gawa, ba don a hukunta wanda kafaɗarsa ta leƙa ba. Arsène Wenger, tsohon kocin Arsenal da ke kula da bunƙasa wasan a FIFA tun 2019, ya ba da shawarar kada a ɗaga tuta sai in ɗan gaba ya zarce mai tsaro da dukkan jikinsa, an kuma gwada ta a wasu gasannin matasa. Masu ganin alherinta na hasashen ƙarin ƙwallaye kamar na 1925. Masu shakka na cewa masu tsaron baya za su ja da baya su cunkushe a bakin raga, wasa ya ƙara tauri. Abu ɗaya da shawarar ba ta kawar ba shi ne awon kansa: za a daina duba yatsan ƙafar gaba ne a koma duba dugadugin baya.

Hannu

In satar gida awo ce da ta yi tsanani, taɓa ƙwallo da hannu fahimta ce da aka yi ta ƙoƙarin mayarwa awo ta ƙi. Ba duk taɓawa ce laifi ba. A dokar da aka daidaita a 2021, laifi ne idan mutum ya kai hannu ga ƙwallo da gangan, ko ya buɗe hannu ya ƙara wa jikinsa faɗi ta yadda motsin da yake yi bai wajabta ba, ko ya ci ƙwallo da hannu ko nan take bayan ta taɓa hannunsa, ko da kuskure ne. Matsalar na cikin ta tsakiya. Mutumin da ke tsalle ko faɗuwa ko juyawa a guje dole hannunsa ya bar jikinsa. Wa zai ce ga iyakar abin da motsi ya wajabta?

A ranar 26 ga Yunin 2018 a Saint Petersburg, a Kofin Duniya, Najeriya da Ajantina na kunnen doki 1-1, sakamakon da zai kai Super Eagles zagaye na biyu. Marcos Rojo ya yi tsalle zai sa kai, ƙwallo ta goge kansa ta sauka a hannunsa a cikin yadi na 18. Alƙalin wasa Cüneyt Çakır na Turkiyya ya je ya kalli hoton ya dawo ya ce ba komai, domin daga kan mai hannun ta fito. Mintuna kaɗan bayan nan Rojon ya ci ƙwallon da ta fitar da Najeriya. Shekara guda bayan haka, a wasan ƙarshe na Zakarun Turai, ƙwallo ta daki ƙirjin Moussa Sissoko na Tottenham ta gangara hannunsa da ke miƙe tun ba a yi minti ɗaya da take wasa ba, aka ba Liverpool fenareti. A gasar Turai ta 2024 bugun Jamal Musiala ya daki hannun Marc Cucurella na Sifaniya, alƙali ya ce a ci gaba, daga baya kwamitin alƙalan UEFA ya ce fenareti ya kamata a bayar. Ɗan kallon da ya jera waɗannan uku ya ce bai gane ba yana da gaskiya. An sake rubuta dokar a 2019, aka gyara a 2020 da 2021, kuma gasanni daban-daban na ba alƙalansu umarnin tsanantawa ko sassautawa daban.

Na Luis Suárez a wasan Yurugwai da Ghana na 2010 wani babi ne. Ba a yi musun ko laifi ne ba: ya tare ƙwallo da hannu a kan layi, aka ba shi jan kati, aka ba da fenareti, Asamoah Gyan ya daki turken sama. Abin da mutane suka tambaya shi ne me ya sa ba a ƙirga ƙwallon kawai ba. Amsar ita ce littafin bai san cin da bai shiga raga ba, ko da kowa ya tabbata zai shiga. Wasu na ganin wannan giɓi ne da ke saka wa mai laifi, wasu na tsoron in aka ba alƙali ikon ƙirga abin da bai faru ba, an buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba.

Abin da VAR ke iya yi da wanda ba ta iyawa

An shigar da VAR cikin dokoki a Maris 2018, aka yi aiki da ita a Kofin Duniya na Rasha a shekarar, Firimiya ta ɗauka a 2019, Kofin Afirka kuma ya fara da ita daga zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Masar a 2019. Ba na'ura ce mai yanke hukunci ba. Alƙali ne na biyu zaune gaban allo, kuma a ƙa'idar da aka kafa ta a kai a 2018, abubuwa huɗu ne kawai suka ba shi damar tsoma baki: ci, fenareti, jan kati kai tsaye, da ba wani kati a madadin wani. Ko a nan ma sai kuskuren ya fito fili ƙarara, ko an yi babban abu alƙali bai gani ba. Magana ta ƙarshe ta alƙalin fili ce.

Wani ɓangaren da ba a cika sani ba shi ne cewa in aka ci ƙwallo, ana komawa baya a duba harin tun daga inda ya faro. Haka ta faru a Bouaké ranar 7 ga Fabrairun 2024, a wasan kusa da ƙarshe na Kofin Afirka tsakanin Najeriya da Afirka ta Kudu. Najeriya na gaba da ci ɗaya na William Troost-Ekong, saura mintuna kaɗan Victor Osimhen ya ƙara ta biyu. Ana cikin tsalle aka kira alƙali ga allo. Kafin Najeriya ta tafi da ƙwallon, Alhassan Yusuf ya daki ƙafar Percy Tau a cikin yadi na 18 na Najeriya. Aka soke cin Osimhen, aka ba da fenareti a ɗaya ƙarshen, Teboho Mokoena ya farke. Ta leƙo ta koma: 2-0 ta zama 1-1. Najeriya ta sha da ƙyar a bugun daga kai sai mai tsaron gida, Stanley Nwabali ya tare biyu. Da zafi, amma bisa ƙa'ida aka yi.

Masu kare VAR na nuna irin hannun Maradona na 1986 da na Thierry Henry na 2009 da ya hana Ailan zuwa Kofin Duniya, suna cewa irinsu ba za su sake wucewa ba. Masu adawa na kuka da abu uku: jira, mutuwar murnar ci tunda kowa na tsoron a soke, da kuma cewa kuskure bai ƙare ba. A Satumban 2023 an hana Luis Díaz na Liverpool halastacciyar ƙwallo a wasa da Tottenham saboda rashin fahimtar juna tsakanin alƙalin fili da na allo, hukumar alƙalan kuma ta amsa laifinta. A Yunin 2024 Wolves ta nemi a soke VAR a Firimiya, aka kayar da ita 19 da 1. Babbar gasar Suwidin ta ƙi karɓarta saboda adawar ƙungiyoyi da magoya baya. In aka duba da kyau, ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba: ɗaya na ƙirga kurakuran da aka gyara, ɗaya na ƙirga abin da kallo ya rasa.

Wani lokaci kuma VAR kan tona aibin dokar kanta. A Kofin Duniya na mata na 2019, Wendie Renard ta Faransa ta buga fenareti ta daki turke ta fita, amma hoto ya nuna golar Najeriya Chiamaka Nnadozie ta ɗan baro layi kafin bugu. Aka maimaita, ta ci, Faransa ta yi nasara 1-0. A shekarar da ta biyo IFAB ta gyara: in mai bugu ya ɓarar da kansa, ba a maimaitawa sai in motsin gola ne ya dame shi a fili. Haka aka yi bayan an soke fenaretin Julián Álvarez na Atlético a Maris 2025, da ya zame ƙwallo ta taɓa ƙafafunsa biyu. Yanzu in kuskure ne kuma ta shiga, sake bugawa ake yi.

Yaƙi da cin lokaci

Dokar daƙiƙa takwas ba baƙuwa ba ce sosai. Tsohuwar ta ce shida, hukuncinta kuma bugun tazara ne a cikin yadi na 18 wanda sai wani ya taɓa kafin a ci. Hukuncin ya yi wa laifin girma, shirya bugun kuma na cin lokacin da ake son cetowa, shi ya sa alƙalai suka yi ta kawar da kai. Da aka zartar da ita kan golar Kanada a wasan mata na kusa da ƙarshe na Olamfik ɗin 2012 da Amurka, sai da aka yi ta cece-kuce, don ba a saba gani ba. Sabuwar ta ƙara daƙiƙa biyu ta rage hukunci zuwa kwana, da nufin alƙali ya daina jin nauyin busawa. Ƙirge na farawa ne idan gola ya mallaki ƙwallo sosai, alƙali kuma zai ɗaga hannu ya ƙirga biyar na ƙarshe da yatsu kowa na gani. In ɗan gaba ya tsaya yana hana gola sakin ƙwallo, shi ne mai laifi. An gwada ta a Ingila da Italiya da Malta kafin a zartar.

Zuriyarsu ɗaya da dokar 1992 da ta hana gola kama ƙwallon da abokinsa ya mayar masa da ƙafa, bayan Kofin Duniya na 1990 ya ƙare da ƙwallo 115 kacal a wasa 52. Haka ma dogon ƙarin lokacin da aka gani a Katar, inda wasan Ingila da Iran ya samu kusan minti 27. Masu yabo na cewa ɗan kallo ya biya ne don ya ga wasa. Masu ƙorafi, musamman 'yan wasa da kociyoyi, na cewa ƙarin mintuna ƙarin gajiya ne da rauni, ƙananan ƙungiyoyi kuma sun rasa ɗaya daga makaman da suke rage wa manya zafi da su.

Inda abin ke sauka

Mai gidan kallo ya fi kowa sanin cewa wasa ya ƙara tsawo. Tsakanin duba allo da ƙarin lokaci, wasan da ke ƙarewa kafin awa biyu yanzu yakan haura, janareta na shan mai, kuɗin shiga bai ƙaru ba, wasa na gaba kuma ya fara kafin 'yan kallon farko su tashi.

Wanda ya fi shan wuya shi ne alƙalin wasan gida. Magoya bayan da ke cika filin Sani Abacha a Ƙofar Mata don Kano Pillars, da waɗanda ke zagaye filin makarantar firamare a gasar unguwa, su ne dai suka kalli Firimiya jiya. Sun saba ganin layi a allo da maimaici daga kusurwa shida. In aka ci ƙwallo mai shakka sai ka ga matasa na zana akwati a iska da yatsu, alhali alƙalin ba shi da allo, wani lokaci ko mai tuta babu. Ana auna shi da ma'aunin da ba a ba shi kayan aikinsa ba, kuma inda ba tsaro abin kan kai ga duka. Tsarin da aka gwada a gasar Turai ta 2024, wanda IFAB ta ba gasanni damar ɗauka, cewa kyaftin kaɗai zai tunkari alƙali, zai fi amfani a irin waɗannan filaye in masu shirya gasa suka tsaya a kansa. FIFA kuma na gwada wani tsari mai rahusa da kyamarori kaɗan, inda kowane koci ke da damar neman a duba hoto sau biyu a wasa, an yi aiki da shi a Kofin Duniya na mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024.

Na'urar awon satar gida za ta daɗe ba ta iso filin unguwa ba. Dokar daƙiƙa takwas kuwa yatsu biyar kawai take buƙata, don haka ita ce za ta riga sauran sauka. Kocin yara zai koya wa golansa ya duba hannun alƙali da zarar ya tashi da ƙwallo, ya kuma san inda zai jefa tun kafin ta iso hannunsa. Littafin ya yarda gasar da ta riga ta fara kafin 1 ga Yulin 2025 ta ƙarasa da tsohuwar doka, amma wannan lokaci ya wuce, saboda haka ya rage wa masu shirya gasa su tara kyaftin-kyaftin da alƙalai kafin wasan farko, su faɗa musu cewa takwas za a ƙirga, ba shida ba.